Jan Ruwan Damina: Labarin Tiga da Calawa

1. Tambayoyi biyu

In mutum ya tashi daga Kano da rani, ya bi hanyar Zariya, ya ratsa ƙasar Kumbotso har ya iso gadar Tamburawa, ya leƙa ƙasa, zai ga yashi ya fi ruwa yawa. Ɗan ruwan da ke nan yana tafiya sannu sannu, har a kan hangi ƙasansa a wuraren da ba zurfi. In ya komo cikin watan Agusta, sai ya tarar kogi ya cika ya batse, ruwan ya yi ja wur, sai ka ce an dama jar ƙasa za a yi yaɓe.

Kowa ya saba ganin haka, amma ba kowa ya taɓa tsayawa ya tambayi dalili ba. Ina wannan ruwa mai yawa ya fito? Mene ne kuma ya rina shi? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, ba ya ja banza kuma. Amsar tambayoyin nan biyu ta shafi manomin shinkafa na Kura, da mai tumatir na Kadawa, da masuncin Tiga, da mai buɗe famfo a cikin birni. Za mu ga cewa amsar guda ce: cikar dam da launin ruwansa duka daga tudu a ke yin su, a gonaki da dazuzzuka, tun ruwan bai iso kogi ba.

2. Koguna biyu da madatsunsu

Manyan koguna biyu ke shayar da wannan yanki. Na fari shi ne Kogin Kano. Mafarinsa yana kudu, wajen duwatsun Riruwai, ya ratso dajin Falgore, ya nufo arewa. Na biyu shi ne Kogin Calawa, wanda ya taso daga yamma, ya biyo ta ƙasar Ƙaraye, ya wuce ta Panshekara cikin ƙasar Kumbotso. Kusa da Tamburawa su ka gamu, su ka zama kogi guda. Shi ne ya wuce ta Wudil da Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Nguru, abin da ya saura ya nufi Tafkin Cadi.

A da, kogunan nan na damina ne kaɗai. Su kawo ruwa wata huɗu ko biyar, sa'an nan su janye, a bar mutane da tonon yashi. Don haka aka yi shawarar a tare ruwan damina a ajiye shi saboda rani. A zamanin Gwamna Audu Bako aka datse Kogin Kano a Tiga. An fara aikin cikin 1971, aka gama cikin 1974. Tsayin bangon ya kai mita 48, tsawonsa kuwa wajen kilomita 6. Cikin 1992 aka gama wata madatsar a kan Kogin Calawa, a ƙasar Ƙaraye. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa cikin 1976, ita aka danƙa wa kula da su.

Daga Tiga aka ja babban kanal, watau kogin da mutum ya haƙa da kansa. Ruwa ya kan bi shi ba da inji ba, gangara ce kawai, ya zuba a ƙaramin dam na Ruwan Kanya, daga nan a rarraba shi cikin ƙananan hanyoyi zuwa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Filin da aka tsara wa wannan aiki tun farko hekta 22,000 ne. Alkama da tumatir da albasa da masarar da a ke nomawa nan da rani, duk da ruwan daminar da ta wuce a ke yinsu. Ashe dam rumbu ne, sai dai ruwa a ke zubawa ciki maimakon hatsi.

3. Inda ruwan sama ya ke tafiya

Masana suna auna ruwan sama da wani gwangwani mai miƙaƙƙen ciki, su ajiye shi a fili, in an ɗauke su duba zurfin abin da ya taru. Da milimita a ke faɗinsa. Milimita 50 kamar faɗin yatsu uku ne in an haɗa su. A kewayen birnin Kano, abin da ke sauka cikin shekara ya kan kai milimita 800 zuwa 900, wata shekara ya fi haka, wata ya gaza. A kudu, wajen Tudun Wada da Riruwai, ya kan haura 1,000. Cikin watanni duka kuwa Agusta ya fi samu.

Kada ka raina yatsu uku. In aka yi ruwa na milimita 50 a kan gona mai hekta ɗaya, abin da ya zuba lita 500,000 ne, watau duro 2,500 irin mai cin lita 200. Mamakon dare ɗaya ya kan kawo haka.

To, wannan ruwa kashi uku ya ke rabuwa. Kashi ɗaya ƙasa ta sha, shi ne rabon shuka da rijiya. Kashi ɗaya rana da iska su ɗauke, ya koma sama. Na uku shi ne wanda ya rasa wurin shiga, ya kwanta bisa ƙasa, sa'an nan ya nemi gangare. Shi mu ke kira malale ko kwararo. Daga kwarin kunya ya faɗa lambatu, daga lambatu ya faɗa rafi, daga rafi sai kogi.

Abu huɗu ke sa malale ya yi yawa. Na ɗaya ƙarfin ruwan: yayyafi na yini guda ƙasa ta kan shanye shi, amma ruwa kamar da bakin ƙwarya na sa'a guda ya fi ƙarfin maƙogwaronta. Na biyu ƙoshin ƙasa: in ta riga ta sha kwana da kwanaki, ba ta da sauran wuri. Na uku irin ƙasar: jigawa tana shan ruwa da sauri, amma laka da fako da dutse ba su sha sai kaɗan. Na huɗu suturar ƙasa: inda akwai ciyawa da itatuwa da karmami, ruwa ya kan tsaya ya nutse, inda ƙasa ta ke tsirara kuwa sai ya zarce. Rufin kwano da kwalta da daɓen siminti ba su shan ko ɗigo. Saboda haka duk sa'ad da gona ta zama unguwa, kamar yadda ya faru a wurare da yawa cikin ƙasar Kumbotso, malalen wurin ya kan ƙaru.

4. Yadda dam ke cika

Waɗansu suna tsammani ruwan da ke zuba a kan tafkin shi ke cika shi. Ba haka ba ne. Sa'ad da aka gina Tiga, faɗin ruwansa in ya cika murabba'in kilomita 178 ne. Amma ƙasar da ke juye masa ruwanta ta fi murabba'in kilomita 6,000. Mu ce ta ninka shi sau 35. Kamar rufin babban ɗaki ne wanda indararonsa ke zuba cikin randa guda.

Ga misali, don lissafin ya fito fili. A ce an yi ruwa na milimita 50 ko'ina cikin ƙasar nan a watan Yuni, ƙasa tana da ƙishi, kashi ɗaya cikin goma kaɗai ya gudu. Milimita 5 ke nan. Ninka shi sau 35, ya zama 175. Ƙara 50 ɗin da ya zuba bisa tafkin kansa, ya zama 225. Ruwan dam ya hau kamar taƙi ɗaya. A ce kuma an sake yin irin wannan ruwa daidai cikin Agusta, ƙasa ta ƙoshi, kashi ɗaya cikin huɗu ya gudu. In ka bi lissafin za ka sami kusan milimita 490, watau kamu guda. Ruwa iri ɗaya, amma hawan dam ya ninka. Abin da ya bambanta su halin ƙasa ne.

Wannan shi ya sa dam ba ya motsi sosai a farkon damina, sai a tsakiyarta ya riƙa hawa kamar ana tura shi. Har wa yau, ba ran da aka yi ruwa ya ke gama hawa ba. Malalen da ya taso daga nesa sai ya kwana a hanya. Mutum ya ga gari ya waye garau, rana ta fito, amma ruwa yana ta ƙaruwa. Ma'aikatan dam suna da sanduna masu lamba da aka kakkafa a bakin ruwa, da su su ke sanin hawa da sauka.

Daga Oktoba sai a juya. Ba mai shigowa, sai masu fita: rabon gonaki, da rabon birni, da wanda a ke sakar wa mutanen Wudil da Haɗeja. Ga kuma rana. A ƙasa mai zafi irin tamu, abin da rana da iska ke ɗauka daga fuskar tafki cikin shekara ya kan kai wajen mita 2, ya fi tsayin mutum. In damina biyu su ka yi rauni a jere, kamar yadda aka gani a farin 1983 da 1984, rumbun ba ya komawa yadda ya ke.

Yawa ma yana da nasa haɗari. Bangon Tiga na ƙasa ne da aka daddanne. Irin wannan bango, in ruwa ya haura ta kansa, sai ya zaizaye shi ya yanke. Don haka kowane dam a kan yi masa mafita a wuri mai ƙarfi, wadda ba ta kai bangon tsayi ba, domin in ya tumbatsa rarar ta bi ta nan. Cikin Agusta 1988, bayan an yi kwanaki ana ruwa mai ƙarfi, dam ɗin Bagauda ya ɓalle, aka yi hasarar rayuka da gidaje da gonaki. Cikin 1992 aka rage tsayin mafitar Tiga don a sauƙaƙa wa bangon nauyi, ko da ya ke yin haka ya rage yawan ruwan da ya ke ajiyewa. Cikin 2001, da Tiga da Calawa su ka tumbatsa, ambaliya ta ci garuruwa da yawa a Kano da Jigawa. A Satumba 2024 kuma dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya shiga birnin Maiduguri. Saboda haka in hukuma ta yi shela cewa dam ya kusa cika, wanda ke zaune a fadama kada ya tsaya duban sama yana cewa ai ba hadari. Ruwan da zai ci shi an riga an yi shi jiya a wata ƙasa.

5. Abin da ke rina ruwa

Ruwan sama fari ya ke saukowa. Kafa ƙwarya a tsakar gida ka gani. Jan da ka gani a kogi ƙasa ce ya ɗauko.

Ga yadda abin ke faruwa. Kowane ɗigo in ya faɗo bisa ƙasa tsirara, dukanta ya ke yi kamar ɗan guduma, ya farfasa ɓurɓushinta. Dubi gindin katanga bayan an ɗauke ruwa, za ka ga inda laka ta fantsama. Garin ƙasar da ya farfashe sai ya toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse, fuskar gona ta yi ɓawo. Malale ya ƙaru ke nan, ya kwashi garin ya tafi da shi. Gwargwadon saurinsa, gwargwadon abin da ya ke iya ɗauka. Mai tafiya sannu laka kaɗai ya ke ɗauka. Mai gudu kuwa har yashi da tsakuwa, ya tsaga gona ya bar kwazazzabo. Ruwan farkon damina ya fi kowanne dauɗa, gama ya kan tarar an share gonaki an ƙone, dabbobi sun cinye kara, ba abin da ya rufe ƙasa.

Kana iya gwada wannan da kanka. Ɗebi ruwan kogi cikin farar kwalba ran da ya yi ja, ka girgiza, ka ajiye. Kafin ka ƙirga ashirin yashi ya kwanta. Bayan sa'a ɗaya ko biyu za ka ga wani gari mai laushi ya hau kansa. Amma ruwan sama-sama zai zauna da duhunsa kwana da kwanaki, domin ƙwayoyin yumɓu sun yi ƙanƙanta ƙwarai, ba su da nauyin nutsewa da wuri.

Abin da ya faru cikin kwalba shi ke faruwa cikin dam. Kogi ya shigo da gudu, ya tarar da ruwa a tsaye, ƙarfinsa ya mutu. Nan take ya sauke yashi a bakin shiga. Garin ƙasa ya ƙara gaba kaɗan ya kwanta. Yumɓu ya bazu ko'ina, shi ke hana ruwa haske har bayan damina. Da kaka ruwa ya kan fara washewa, sai dai in iska ta kaɗa shi a wurare marasa zurfi ta tayar da lakar ƙasa.

Auna hasken ruwa ba shi da wuya. A ɗaura farin faranti da igiya, a saka shi cikin ruwa sannu sannu har ya ɓace wa ido, sa'an nan a auna igiyar. Wani masani mutumin Italiya, Angelo Secchi, shi ya fito da wannan dabara cikin 1865, har yanzu kuwa ana aiki da ita. Masunci ma yana iya yi daga cikin kwalekwalensa.

6. Wa ke biyan hasara?

Mai gonar tudu shi ke fara biya. Ƙasar da ruwa ke ɗauka ita ce ta sama, mai taki, wadda shuka ke ci. In gona mai hekta ɗaya ta rasa ƙasa mai kaurin milimita ɗaya tak, abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba, nauyin abin da ya tafi wajen tan 13 ne, watau buhu 130. Ba wanda zai lura a shekara guda. Sai an daɗe a ji mai gona yana cewa gonarsa ta gaji. Takin zamanin da ya saya da tsada ma, in ya watsa shi aka yi mamako a daren, rabonsa ya bi ruwa.

Na biyu dam. Duk buhun ƙasar da ya kwanta a cikinsa ya kori ruwa gwargwadonsa. Sandar awo za ta nuna dam ya cika, alhali cikinsa ya ragu, kamar rumbun da aka zuba wa yashi a gindi. Yashe babban dam kuwa aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai. Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. Lakar da Kogin Nilu ke ɗaukowa daga duwatsun Habasha, wadda a da ta ke takin gonakin Masar, tun da aka gama madatsar Aswan cikin 1970 a bayan bangon ta ke kwanciya.

Na uku mai noman rani. Lakar da ta shiga kanal, da wadda malale ke zubowa daga gefensa, ta kan kwanta a ciki. Ciyawa ta samu wurin kafa saiwa, musamman kacalla. Hanya ta ƙuntace, ruwa ya kasa kai wa na ƙarshe. Na kusa da bakin kanal ya sha ya ƙoshi, na wutsiya ya zuba ido, daga nan sai rigima. A fadamun Haɗeja da Nguru, laka da kacalla sun toshe hanyoyin ruwa da yawa, har waɗansu wurare su ka bushe, waɗansu kuma ruwa ya kwanta musu ba fita.

Na huɗu masunci. Ruwa in ya yi duhu, hasken rana ba ya ratsa shi, ƙananan tsire-tsiren da kifi ke ci ba su yin yawa, laka kuma ta kan binne ƙwai. Takin da ya gudo daga gonaki kuwa, in ruwa ya washe, sai ya haifar da gansakuka. In ta yi yawa ta ruɓe, ta kan cinye iskar da kifi ke shaƙa.

Na biyar mutumin birni. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, a ke jan ruwan Calawa daga wajen Panshekara zuwa Kano. Daga baya aka ƙara gidan ruwa na Tamburawa. A irin waɗannan gidaje a kan zuba wa ruwa alimun, wanda waɗansu ke kira alif, don ya tattara yumɓu ya yi nauyi ya kwanta. Sa'an nan a tace shi ta cikin yashi, a sa masa kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa in ya yi kauri, alimun da yawa ya ke ci, matatai kuma su riƙa toshewa da wuri. Kuɗin aiki ya hau, ruwan da a ke turawa ya ragu.

7. Haske ba lafiya ba ne

A nan sai a yi hattara. Malale ba ƙasa kaɗai ya ke ɗauka ba. Ya kan wanke bayan gari da juji da turken dabbobi, da dauɗar masana'antu irin na Sharaɗa da Calawa, ya kai kogi. Shi ya sa amai da gudawa ya fi yawa da damina. Laka tana kwanciya, amma ƙwayoyin cuta ba su kwanciya duka, ido kuma ba ya ganinsu. In dole ta sa ka sha ruwan kogi ko na kanal, bar shi ya kwanta tukuna. Ɗan alimun ko dakakken ƙwayar zogale ya kan gaggauta shi. Tsiyaye na sama, ka tace da tsabtataccen ƙyalle, sa'an nan ka tafasa. Tacewa don laka ce, tafasawa don cuta. Dauɗar masana'anta kuwa tafasawa ba ta fid da ita, sai a guji ɗiba a inda ta ke zuba.

8. Abin da mai gona zai iya yi

Ba mai iya hana ruwa sauka da ƙarfi. Amma ana iya rage masa gudu, ruwan da aka rage wa gudu kuwa ya kan ajiye kayan da ya ɗauko, ya nutse inda ya ke.

Yi kunya a gicciye, kada ta bi gangare, don kowace kunya ta zama ɗan dam. Inda gona ta ke da gangara, jera duwatsu a gicciye, ko ka dasa layin gamba ko jema. Kada ka ƙone kara da karmami duka, bar wa ƙasa abin rufa. Kai takin gargajiya, gama ƙasa mai taki ta fi shan ruwa. In ka ga zaizaya ta fara, toshe ta tun tana ƙarama da duwatsu da rassa. Kada ka yi huɗa har bakin rafi ko bakin dam, bar ɗan fili mai ciyawa ya tsaya tsakani ya zama matata. Kada ka watsa takin zamani a sama in hadari ya haɗu, binne shi gindin shuka.

Itatuwa kuma su ne manyan masu tsaro. Manoman ƙasar Maraɗi, tun cikin shekarun 1980, su ka ɗauki al'adar barin tohon kututture in suna sassabe, su zaɓi reshe mai ƙarfi su rene shi. Da haka gonaki masu yawa da su ka zama fili su ka sake samun itatuwa, ba da dashe ba. Dajin Falgore ma, da ya ke Kogin Kano ta cikinsa ya ratso, kowace itaciyar da aka sare a can, Tiga za ta ji a jikinta. Masu noman rani kuwa, yashe ƙananan hanyoyin ruwa kafin a sako ruwa aikin gayya ne, ba na mutum guda ba.

In Agusta ta kewayo, ka sami farar kwalba biyu. Cika ɗaya da malalen da ke fita daga gonarka, ɗaya kuma da wanda ke fita daga wurin da ciyawa ta rufe. Ajiye su su kwana, da safe ka gwada kaurin lakar da ta kwanta a gindin kowace. Abin da ka gani a kwalbar fari, shi ne abin da gonarka ta aika wa kogi a wannan rana.